Shafi 300 daga cikin kaina

Ni dai ban taɓa ganin abin ba, labari ake ba ni. Matata ce ta fara lura. Ta ce muna cikin hira sai na yi tsit, idona a buɗe a kanta amma ba ita nake gani ba, bakina yana motsi kamar mai tauna, hannuna na hagu yana murza gefen riga. Bai kai minti guda ba na dawo, sai dai kalmomi suka ɗan riƙa kuɓuce mini. Na ce mata gajiya ce.

Karo na biyu a gaban allo ya same ni, da alli a hannu, ina tsakiyar warware wa 'yan aji lissafi. Abin da nake iya tunawa shi ne wani abu ya taso mini daga ciki zuwa ƙirji, sai kuma na ga aji ya yi shiru, wata yarinya a layin gaba tana cewa, "Malam, lafiya?" Wannan karon ban yi musu ba.

Likitan ƙwaƙwalwa da aka tura ni wurinsa ya fi yi wa matata tambayoyi a kaina, har abin ya ɗan sosa mini rai. Sai daga baya na ga gaskiyarsa: ita ce shaida, ni lokacin ba na nan. Da ya gama ya ce in ajiye tuƙi tukuna, ya rubuta haruffa uku a takarda, EEG. Ya ce gwaji ne da ake ɗaukar zanen lantarkin da ƙwaƙwalwa take fitarwa, kuma irin wanda za a yi mini sai na kwana ban yi barci ba.

Kalmar lantarki kaɗai kunnena ya riƙe. Na ce, "Likita, wuta za a jona mini a ka?"

Ya yi murmushi irin na wanda ya gaji da jin tambayar. "Ko kaɗan, Malam. Ba abin da za mu sa a ciki. Kanka ne mai wutar, mu saurare kawai za mu yi."

Takardar da aka ba ni ba ta da tsawo. In wanke kai da sabulu, kada in shafa mai ko wani abin gyaran gashi, domin maiƙo yana hana wayoyin kama fata. Mata kuma su tsefe kitso. Kada in sha kofi ko wani abin da ke kore barci. Kada in zo da yunwa, saboda faɗuwar sukarin jini tana sauya zanen. Wanda yake kan magani ya ci gaba da sha sai in likita ne ya ce a dakata. A ƙarshe, in zo da ɗan rakiya. Wannan na ƙarshen na ɗauka ƙa'ida ce kawai ta takarda, sai da gari ya waye na ga ƙafafuna suna harɗewa.

Daren ya fi gwajin wuya nesa ba kusa ba. Har ƙarfe ɗaya ina duba littattafan yara, daga nan jan biro ya fara zame mini. Na tashi na yi ta kai da kawo a ɗaki. Wajen ƙarfe biyu da rabi na ɗauki waya na ce bari in san abin da za a yi mini, tun da rashin sani ya fi dare duhu. A nan na haɗu da labarin Hans Berger, likitan da ya fara yin wannan gwaji a kan ɗan Adam, kuma shi ya taya ni hira har asuba.

Abin da ya fara jan hankalina gare shi, ɗan uwana ne a sana'a: lissafi ya fara karanta a jami'a a Jamus, da niyyar zama masanin taurari. Ya bari ya shiga soja, wata rana doki ya kayar da shi a gaban dawakan da ke jan igwa, saura ƙiris su tattake shi. A ranar 'yar uwarsa da ke can nesa hankalinta ya tashi, ta matsa wa mahaifinsu har ya buga masa talgiram yana tambayar lafiyarsa. Berger ya ɗauka tsoronsa ne ya yi tafiya daga kansa ya isa gare ta, sai ya koma karatun likita don ya gano ƙarfin da ke ɗauke da tunani. Wannan bai same shi ba. Abin da ya samu a garin Jena a 1924 shi ne ɗan rawar lantarki daga kan wani saurayi ɗan shekara 17 da aka yi wa tiyatar ƙwaƙwalwa. Ba shi ne farkon wanda ya san ƙwaƙwalwa tana da lantarki ba. Tun 1875 wani likita a Ingila, Richard Caton, ya auna shi a kan zomaye da birai da aka buɗe musu ƙoƙon kai. Amma a jikin ɗan Adam Berger ne ya fara. Shekara biyar ya yi yana maimaitawa, har a kan ɗansa Klaus, kafin ya yarda ya buga sakamakon a 1929. Da ya buga kuma aka yi biris da shi. Sai a 1934 Edgar Adrian, wanda ya riga ya ci kyautar Nobel, shi da Brian Matthews suka sake gwajin a Kambirij ta Ingila, Adrian ya ɗora wayoyin a kansa a gaban taron masana. Yana rufe ido alƙalami ya kama zana igiyoyi masu tsari, kusan goma a daƙiƙa, yana buɗewa suka ɓace.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Mutum ya rufe ido, ya huta, a lokacin ne zanen yake girma ya yi kyau. Ya buɗe ido ya kama aiki, sai zanen ya ƙanƙance. Ni da a ce an tambaye ni, akasin haka zan ce.

Ƙanena ne ya kai ni da safe. Ɗakin ƙarami ne, gado ɗaya, kujera, kwamfuta, da wata fitila a kan sanda. Mai gwajin dattijo ne mai sanyin murya, da tef ɗin awo rataye a wuya kamar tela. Ya tambaye ni awa nawa na yi barci, na ce ko runtsawa ban yi ba. Ya tambayi magungunan da nake sha, musamman na sa barci ko kwantar da hankali, domin irin waɗannan suna cika zanen da ƙananan igiyoyi masu sauri. Ya tambaya ko ina da asma, ciwon zuciya ko sikila. Sannan ya zaunar da ni ya ce, "Malam, yau kai za a yi wa lissafi."

Ya ɗora bakin tef a kwarin da ke tsakanin idanuna, inda karan hanci ya haɗu da goshi, ya ja shi ta tsakiyar kai har zuwa ɗan tudun ƙashin da ke ƙeya. Santimita 36. Ya ɗauki jan fensir ya ɗiga alama a kashi 10 cikin 100 na tsawon, wato santimita 3.6, daga nan ya riƙa ɗigawa duk bayan kashi 20, santimita 7.2, har sau huɗu, ya rage kashi 10 a ƙarshe. Na haɗa a raina, ya cika ɗari. Ya sake yin haka daga gaban kunne zuwa gaban ɗaya kunnen, sannan ya zagaye kan duka. Da na tambaya ya ce sunan tsarin 10-20, kuma wani masani, Herbert Jasper, ne ya fitar da shi a 1958. Na ji daɗin dabarar ƙwarai, har na yi niyyar kai ta aji in zan koyar da kaso cikin ɗari. Kan jariri da kan ƙato ba girmansu ɗaya ba, amma tun da da kaso ake awo, waya takan faɗa a kan sashe ɗaya na ƙwaƙwalwa a kowane kai, kuma likitan da ke wata nahiya zai karanta zanenka ya san inda kowane layi ya fito.

Kowace alama tana da suna, harafi da lamba. F na goshi ne, T na gefen kai saitin kunne, C na tsakiya, P na bayan tsakiya, O na ƙeya. Lambobin mara, 1, 3, 7, na hagu ne. Na cika, 2, 4, 8, na dama. Waɗanda ke kan layin tsakiya kuma z ake sa musu.

Daga nan ya shiga aikin da ya fi cin lokaci. A kowace alama sai ya raba gashi, ya goge fatar da auduga da wani abu mai ɗan kaushi kamar yashi, ya ɗebo wani farin mai mai danƙo a cikin ɗan faifan ƙarfe da bai fi maɓallin riga girma ba, ya manna, ya danne da guntun bandeji. Ba zafi, sai ɗan kartar gogewar. Guda 21 ya jera, har da na kunnuwa, ya ƙara na ƙirji don bugun zuciya. Kwamfuta tana nuna masa zanen kai da ɗigo-ɗigo, wanda bai kama da kyau ba ya nuna ja. Biyu na ƙeya suka ƙi, ya cire ya sake gogewa. Ƙanena ya dube ni ya ce, "Yaya, ka zama kamar bayan tsohuwar rediyo." Dariya ma na kasa yi sosai, tsoron kada wani ya ɓalle.

Na ce, "Baba, duk wannan wahalar gogewar ta mece ce?"

Ya ce abin da ake nema ƙanƙani ne ainun. Lantarkin da yake isowa fatar kai yawanci tsakanin maikirobolt 10 zuwa 100 ne, kuma maikirobolt kashi ɗaya ne cikin miliyan na bolt. Na yi lissafin nan take: ƙaramin batirin tocila mai bolt 1.5 ya ninka maikirobolt 50 sau 30,000. Shi ya sa wayoyin suke shiga wani ɗan akwati, amfilifaya, wanda ba ya auna waya ɗaya ita kaɗai. Biyu-biyu yake ɗauka, ya zubar da abin da suka yi tarayya a kai, ya ƙara wa bambancinsu ƙarfi. Ta haka ake rage hayaniyar wutar gini, mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa a yawancin ƙasashe, sau 60 a wasu irin su Amurka, wadda take bin duk wayoyin baki ɗaya.

Yana cikin bayani sai amsar abin da ya dame ni da dare ta zo mini, kuma daga wurin aikina ta zo. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan bangon aji ya san haka. In yara arba'in suna aiki rukuni-rukuni, kowa yana magana da na kusa da shi, abin da ke ratsa bango ɗan gunaguni ne mara kan gado, alhali a lokacin ne ake ainihin koyo. In kuwa malami ya ce a maimaita, suka ɗauki jimla da murya ɗaya, har ƙofar makaranta ana ji. Ƙwaƙwalwa tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kuma faifan da ke kan fata ba ya jin ko ɗaya daga cikinsu ita kaɗai. Tsakaninsa da su akwai ruwa, tantani, ƙashi da fata. Abin da yake ji shi ne amshin dubban dubata na wasu dogayen ƙwayoyi da ke ɓawon ƙwaƙwalwa, waɗanda suke tsaye a jere suna fuskantar waje, a lokacin da saƙonnin da ke shigo musu suka zo tare. In suka yi amshi, igiya ta girma. In kowace ta kama gabanta, igiya ta ƙanƙance. Na faɗa wa dattijon, ya ce shi ba malamin makaranta ba ne amma bai ga inda na kuskure ba.

Ya kwantar da ni, ya rage haske. "Rufe ido. Saki muƙamuƙi, kada ka cije haƙori." Bayan ɗan lokaci, "Buɗe." Sannan, "Rufe." Muka yi haka sau da yawa. Na ji ƙanena ya ce "Kai!" a hankali, dattijon ya ce masa shiru. Ni kaɗai ne a ɗakin ba na ganin komai, domin igiyar da suke kallo irin wadda sai mai ita ya rufe ido take fitowa.

Ya ce in riƙa cire bakwai-bakwai daga ɗari a zuci. Na gangara har biyu ba tare da na ji na yi wani aiki ba. Ya ce, "Na manta sana'arka. To, 37 sau 48." Wannan kam sai da na tattara hankali a kan rashin barci kafin na ce 1,776.

Sai numfashi. Ya ce in riƙa ja da ƙarfi ina fitarwa har minti uku, ba tsayawa. Minti uku a baki ba komai ba ne. Kafin a kai rabi yatsuna da leɓɓana sun fara tsira-tsira kamar ana yi mini tafiyar kiyashi, kaina ya yi fayau. Numfashin yana kwashe iskar kabon da ke cikin jini, jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa su ɗan tsuke, igiyoyin su rage sauri. Dalilin tambayar asma da sikila ke nan, ba kowa ake sa wa wannan ba. Ya ce a wurin yaran da ke da irin farfaɗiyar da yaro zai ƙame na 'yan daƙiƙoƙi ya dawo, har a ɗauka shashanci ne, wannan numfashin kusan kullum yana fito da ita, kuma zanenta ba ya ɓoyuwa: tsini da igiya, tsini da igiya, sau uku a daƙiƙa, a duk layukan lokaci guda. Tun 1935 aka bayyana wannan zanen a Boston. Na tuna wani yaro da na taɓa yi wa faɗa a kan rashin mai da hankali, jikina ya yi sanyi.

Fitilar ta biyo baya. Ya kawo ta dab da fuskata, ta fara walƙiya a hankali, ta tsaya, ta dawo da sauri, ta tsaya, ta ƙara sauri. Ido a rufe amma ina ganin launuka da zane-zane suna juyawa, ja da shuɗi da wani abu kamar saƙar zuma. Ba daɗi, ba kuma zafi. Ƙeya, inda gani yake sauka, takan bi kiɗan fitilar, wannan ba laifi ba ne. Abin da ake nema shi ne ko walƙiyar za ta tayar da tsinin farfaɗiya, kuma kaɗan ne cikin masu cutar suke da wannan.

Ya kashe fitila ya ce, "Yanzu yi barci." Na ce a raina wa zai yi barci da wayoyi ashirin da wani abu a ka, da mutum biyu suna kallonsa. Na kwanta ina jin ƙarar fankar kwamfuta, ina tunanin littattafan da ban gama dubawa ba. Can na ji ya taɓa kafaɗata. "Mun gama, Malam."

Na ce, "Yi haƙuri, Baba, barcin ya ƙi zuwa."

Ƙanena ya kwashe da dariya. Dattijon bai ce komai ba, ya juyo mini da allon kwamfutar. Ya fara da gargaɗi: fassara aikin likita ce, shi ba zai ce mini akwai ko babu ba, amma zai nuna mini abin da kowane kai yake yi.

Kowane shafi daƙiƙa goma ne, layuka a jere daga sama har ƙasa, kamar littafin rubutu da yaro ya bi layinsa da hannu mai rawa. Minti 50 aka ɗauka, shafi 300 ke nan. Ya koma farko, inda aka rubuta a gefe cewa ido a buɗe. Layukan ƙanana ne, masu sauri, ba tsari. Wannan ita ce bita, ba bitar darasi ba, harafin Girkanci ne: daga kusan 13 zuwa 30 a daƙiƙa, ta mutumin da yake farke yana kula da abin da ke gabansa. Sai ga wani babban lanƙwasa a layukan goshi. Ya ce wannan ba ƙwaƙwalwa ba ce, ƙiftawar ido ce, domin ƙwayar ido kanta kamar ƙaramin batir take, tana juyawa wayoyin goshi su ɗauka. Nan take bayansa, a layukan O1 da O2, igiyoyi suka taso masu kyau, kamar haƙoran mataji da aka daddaɗe, suna kumbura suna sacewa. Alfa. Ya ce in ƙirga tsakanin layin daƙiƙa ɗaya da na gaba. Na sa yatsa na ƙirga, goma cif. Tsakanin 8 da 13 take a wurin babba mai lafiya. Ta jariri ba ta kai haka ba, a hankali take ƙaruwa, sai wajen shekara uku take kai 8. Gani ya kori ji. Abin da Berger ya yi shekara biyar yana shakkar nuna wa duniya, ga shi a ƙeyata.

Ya kai ni wurin cire bakwai-bakwai. Alfa tana nan abinta, ko gezau. A wurin 37 sau 48 kuwa ta dushe na wasu daƙiƙoƙi, sannan ta dawo bayan na ba da amsa. Na duba da kyau ko zan ga wani abu mai kama da lamba. Babu. Na'urar ta san na yi aiki, ba ta san aikin mene ne ba. Duk wanda yake tsoron za a karanta masa sirrin zuciya da wannan gwaji ya kwantar da hankalinsa. Wani wuri kuma layukan gefen kai suka yi baƙi ƙirin da kartsi: nan na haɗiye yawu na cije baki. Tsokar muƙamuƙi ta fi ƙwaƙwalwa ƙara a kunnen na'urar.

"To ga barcin da ya ƙi zuwa," in ji shi. Alfa ta fara yankewa, ta zo ta tafi, ta watse. Wasu igiyoyi masu jan jiki suka maye gurbinta, 4 zuwa 7 a daƙiƙa, su ne tita, na gyangyaɗi. A kan yara kuma ana ganinsu ko a farke. Da ya ƙara gaba sai ga wani abu a layukan tsakiyar kai, ɗan gungun igiyoyi masu sauri, siriri a farko, mai ciki a tsakiya, siriri a ƙarshe, bai wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu ba. Siffar mazari sak, kuma da sunan mazarin ake kiransa a Turance. Daga wani sashe mai zurfi da ake kira talamus ake kaɗa shi, 11 zuwa 16 a daƙiƙa, kuma ba ya fitowa a kan wanda yake farke. Kusa da shi ga wata ƙatuwar igiya guda ɗaya, ta nutse ta taso. Ya ce a nan ya ƙwanƙwasa tebur da gangan. Ƙwaƙwalwata ta ji, ta amsa, ta bar ni ina barci. Ashe na fi minti ashirin. Barci ɓarawo ne, na yarda, amma ban taɓa ganin an kama shi da shaida a rubuce ba sai ranar.

Delta, mafi nauyin tafiya, ƙasa da 4 a daƙiƙa, kaɗan na taɓo, domin sai barci ya yi zurfi sosai take mamaye shafi, manya-manya kamar tuddai. A barci mai nauyi da kan jarirai daidai ce. A kan babba da yake farke kuwa alama ce ta matsala, musamman in a gefe ɗaya take. Grey Walter, wani masani a Ingila da ya raɗa mata suna a 1936, da ita ya riƙa gano inda ƙari yake a ƙwaƙwalwa, tun ba a san na'urorin hoto na yau ba. Na tambayi gamma, ta sama da 30, wadda na ga ana ta zuzutawa a intanet. Ya ɗaga kafaɗa ya ce masu bincike suna aiki a kanta, amma daga fatar kai da wuya a raba ta da kartsin tsoka. A nawa ganin, masu tallan sautukan da wai za su sa ka "shiga alfa" ka zama haziƙi suna sayar wa mutane abin da rufe ido yake bayarwa kyauta. Kuma ba layi-layi igiyoyin suke zuwa kamar a jadawali ba. A shafi guda za ka ga alfa a ƙeya, bita a goshi, a cakuɗe.

Cire wayoyin bai ɗauki minti biyar ba. Man ne ya bar mini kai kamar an yaɓa kwaɓaɓɓen alli, sai da ruwan ɗumi da wanki biyu ya fita. Na kwana har washegari.

Bayan mako guda muka koma wurin likita, ni da matata. Ya buɗe zanen ya wuce shafukan farke da sauri, ya ce duk wannan lafiya lau. Ya tsaya a cikin na barci. A layukan hagu, saitin kunne, ga wani tsini ya fita daban da maƙwabtansa, mai kaifi, wata igiya mai jan jiki tana bin sa. Ya nuna mini layuka biyu da ke jere, tsinin na sama ya nuno ƙasa, na ƙasan ya nuno sama, kamar yatsu biyu suna nuna mai laifi. Wayar da layukan biyu suka yi tarayya a kanta, F7, wadda ke can gefen goshi dab da sashen gefen kai, ita ce ta fi kusa da inda abin yake tashi. Ya sake nuna mini irinsa a wasu shafuka huɗu. Duk a hagu, duk a cikin gyangyaɗi ko barci mara nauyi.

Ya ce, "Da a farke kaɗai aka yi maka, da takardarka ta fito ba komai." Gwajin farko na minti ashirin ko talatin, in ji shi, ba ya kama fiye da kusan rabin masu farfaɗiya, don haka sakamako mai kyau ba ya wanke mutum, shi ya sa ake maimaitawa, ake hana barci, wani lokaci a kwantar da mutum kwanaki da wayoyi da kyamara. Haka kuma akwai 'yan tsirarun mutane masu irin wannan tsinin da ba su taɓa yin ciwon ba. Ya juya ga matata ya ce abin da ta gani da idonta shi ne ginshiƙi, zanen ya zo ya mara mata baya ne.

Kalmar farfaɗiya ta yi mini nauyi. Na ce ni ban taɓa faɗuwa ba, ban taɓa kumfar baki ba. Ya ce wannan iri ɗaya ne cikin iri da yawa. Tawa daga wuri guda take tashi, a sashen gefen kai, kuma abin da ke taso mini daga ciki shi ne farkonta, ba gargaɗinta kawai ba. Ya ce kusan mutum miliyan 50 ne suke da cutar a duniya, kuma kusan bakwai cikin goma sukan rabu da tashinta in sun samu maganin da ya dace suka riƙe shi. Ya rubuta mini magani, ya ce in kiyayi kwanan zaune irin wanda shi da kansa ya sa ni na yi, ya kuma tura ni hoton MRI, domin EEG motsi yake nunawa, ba ya nuna ko akwai tabo ko wani abu a naman ƙwaƙwalwar.

Kafin ya rufe kwamfutar na ce ya ƙara nuna mini shafin farko mai tsinin. Na 212 ne. Na dube shi da kyau, abin da bai kai rabin daƙiƙa ba. A ƙasan shafin akwai ɗan rubutu da dattijon ya shigar lokacin ɗauka, na tambayi likita me ya ce. Ya matso da gilashinsa ya karanta: "Yana minshari."